Shin Jamusawa suna da opera tasu, ko ta Italiya suka ara?

Tambaya: Malam, a ajin Jamusanci da nake halarta an ambaci Mozart da Wagner a matsayin manyan opera ta Jamus. Ni kuwa a sanina opera al'adar Italiya ce. Yaushe Jamusawa suka shiga wannan harka, su wa suka gina ta, kuma me ya bambanta tasu da ta Italiyawa? In zan saurara, da wacce zan fara?

Amsa: Sanin da ka yi daidai ne, ɗan'uwa. A birnin Florence na Italiya aka haifi opera wajen shekarar 1598, wato wasan kwaikwayo da ake rera shi da waƙa, makaɗa suna rakiya. Jamusawa aro suka yi, kuma sai da suka kwashe kusan shekara 200 kafin abin aron ya zama nasu. Kafin mu shiga, ka riƙe abu ɗaya: ba a haɗe Jamus ta zama ƙasa guda ba sai 1871. Saboda haka idan an ce opera ta Jamus, wadda aka rera da Jamusanci ake nufi, ko a Hamburg aka yi ta, ko a Dresden, ko a Vienna ta ƙasar Ostiriya. Shi ya sa Mozart, haifaffen Salzburg, ya shiga lissafi.

An saba fara ƙirga daga 1627, lokacin da Heinrich Schütz ya tsara kiɗan Dafne don bikin auren 'yar sarkin Saxony a garin Torgau. Labarin ma daga Italiyanci aka juyo shi, kuma kiɗan ya ɓace. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya ci ƙasar daga 1618 zuwa 1648, don haka ba wanda ke da sukunin gina wata sabuwar al'ada. Da ƙura ta lafa, ƙasar ta kasance a rarrabe cikin masarautu da birane masu cin gashin kansu har ɗaruruwa, kowane ɗan sarki yana so fadarsa ta burge ta maƙwabcinsa. Abin burgewa a lokacin kuwa shi ne mawaƙan Italiya. Jamusanci an ɗauke shi harshen kasuwa da coci, mai kaushi, wanda bai dace da rerawa a gaban manya ba. Har ana ruwaito cewa Sarki Frederick na Prussia ya ce gara ya ji haniniyar dokinsa da ya saurari mawaƙiya Bajamusa. Sakamakon haka, Jamusawa mafi hazaƙa a ƙarni na 18 da harshen wasu suka yi suna. Hasse ya yi wa fadar Dresden aiki da Italiyanci, Graun ya yi wa Berlin, Handel ya tafi Landan ya fito da Rinaldo a 1711, ita ma da Italiyanci, Gluck kuma ya gyara tsarin opera da Italiyanci a Vienna, daga baya da Faransanci a Paris.

Hamburg ce ta fi fita daban, domin gari ne na fatake, babu sarki a kansa. A 1678 mutanen garin suka buɗe gidan opera a Gänsemarkt, wanda duk mai kuɗin tikiti yake iya shiga. Da labarin Adamu da Hauwa'u na Johann Theile suka buɗe, wataƙila don a kwantar wa limaman coci hankali, amma duk da haka wasunsu suka yi ta suka daga kan mumbari. Reinhard Keiser ne zakaran gidan, ya rubuta opera da dama, kuma a ƙarƙashinsa ne Handel, yana saurayi, ya zauna cikin masu goge kafin ya fito da Almira a 1705. A nan ne ma Handel da abokinsa Mattheson suka yi rigima kan wanda zai zauna a kan kayan kiɗa, har suka zare takubba a waje, wani babban maɓallin ƙarfe a rigar Handel ya tare sarar. Mai sayar da tikiti dole ya bi abin da masu saye suke so, don haka ba a daɗe ba aka fara cusa waƙoƙin Italiyanci a tsakiyar wasan Jamusanci. Telemann ya riƙe gidan daga 1722, amma a 1738 aka rufe shi saboda kasuwa ta mutu.

Abin da ya ceci harshen daga ƙasa ya taso. 'Yan wasa masu yawo gari-gari suna da wani salo mai suna Singspiel: a yi magana kamar wasan kwaikwayo na yau da kullum, a tsaya a rera waƙa mai sauƙi, a koma magana. Johann Adam Hiller ya shahara da shi a Leipzig wajen 1770. A 1778 Sarki Joseph na Biyu ya kafa ƙungiyar irin wannan wasa a Vienna, kuma don ita ne Mozart ya rubuta Die Entführung aus dem Serail a 1782, labarin wani Bature da ya je kuɓutar da budurwarsa daga gidan wani basarake a ƙasar Turkiyya. Mai sauraro Musulmi zai lura da abu biyu a ciki. Osmin mai gadi zanen ba'a ne irin wanda Turawan zamanin suke yi wa Turkawa. Shi kuwa Pasha Selim, wanda bai rera ko baiti ɗaya ba, magana kawai yake yi, shi ne mafi girman hali a wasan, domin ya gano saurayin ɗan babban maƙiyinsa ne, amma ya sake su. Ƙungiyar ba ta kai labari ba, a 1783 Italiyawa suka dawo, Mozart ma ya koma rubutu da harshensu. Sai a 30 ga Satumba 1791 ya fito da Die Zauberflöte, sarewar sihiri, a wani gidan wasa na bayan ganuwar Vienna inda talakawa suke zuwa. Mai gidan, Emanuel Schikaneder, shi ya rubuta labarin, shi ya fito a matsayin Papageno mai kama tsuntsaye. A cikin wasa ɗaya Mozart ya haɗa waƙar titi, da taken coci, da waƙar Sarauniyar Dare mai hawa can ƙololuwar murya, wadda yayar matarsa Josepha Hofer ta fara rerawa. Akwai aibi a ciki, domin baitocin da aka sa a bakin Monostatos, baƙin mutum ɗaya tilo a wasan, wariyar launin fata ce tsirara, kuma gidaje da yawa yanzu gyara su suke yi. Mozart ya rasu ranar 5 ga Disamba na shekarar, bayan ya nuna cewa Jamusanci zai ɗauki kowane nauyi.

Beethoven opera ɗaya tak ya yi, Fidelio, ita ma da gumin goshi. An fara nuna ta ranar 20 ga Nuwamba 1805, mako guda bayan sojojin Napoleon sun shiga Vienna. Masu kuɗi sun tsere, kujerun da aka zauna a kai galibi hafsoshin Faransa ne, bayan dare uku aka janye ta. Ya gyara a 1806, ya sake gyarawa a 1814, sannan ta karɓu. Labarin wata mata ce, Leonore, da ta yi shigar maza ta nemi aiki a kurkukun da aka ɓoye mijinta saboda siyasa. Ka kula da wurin da gwamnan kurkukun ya zaro wuƙa zai kashe fursunan a can ƙarƙashin ƙasa. Matar ta shiga tsakani, ta bayyana ko ita wace ce, ta auna shi da bindiga, sai ga amon begila daga kan hasumiya yana sanar da isowar minista. Kayan busa ɗaya ne ya warware rikicin, ba baitin wani mawaƙi ba, kuma nan ne hanyar Jamusawa ta fara rabuwa da ta Italiyawa. A Italiya maƙogwaron mawaƙi ne sarki, makaɗa 'yan rakiya ne. Jamusawa, waɗanda dama suka fi kowa ƙwarewa a kiɗan kayan busa da goge, sai suka riƙa ɗora wa makaɗa nauyin ba da labari.

Idan za ka tambaye ni rana ɗaya da opera ta Jamus ta tsaya da ƙafafunta, zan ce 18 ga Yuni 1821, ranar da aka nuna Der Freischütz ta Carl Maria von Weber a Berlin. A lokacin Spontini, Ba'italiye, shi ne ɗan gaban goshin sarkin Prussia, don haka tafin da aka yi wa Weber akwai siyasa a ciki. Labarin na ƙauye ne da daji. Max maharbi ne da hannunsa ya daina sa'a, ga shi sai ya ci gasar harbi za a ba shi Agathe. Abokinsa Kaspar, wanda ya riga ya sayar da kansa ga shaiɗani Samiel, ya ja shi wani kwazazzabo da tsakar dare su narka harsasai bakwai: shida za su sami duk abin da aka auna, na bakwai kuwa na shaiɗan ne. A wannan fage kusan babu waƙa irin wadda aka saba. Kaspar yana ƙirga harsasan da ƙarfi, duwatsu suna maido masa da muryarsa, kowane harsashi ya fito sai makaɗa su ƙara tsananta: tsuntsayen dare, baƙin gursunu, guguwa, ayarin mafarautan fatalwa. Samiel ba ya rerawa, amma yana da sautinsa, wani rawar goge can ƙasa-ƙasa da bugun ganga a hankali, wanda tun a kiɗan buɗewa aka gabatar maka da shi, ta yadda ko bai fito ba ka san yana kusa. Ƙahonin mafarauta kuma su ne muryar dajin. A ganina ba a ba Weber haƙƙinsa a wajen Jamus ba, domin rabin dabarun da ake jingina wa Wagner a nan suka tsiro. Ya rasu a Landan a 1826, kuma Wagner ne ya tsaya aka dawo da gawarsa Dresden a 1844.

Tsakaninsu akwai Marschner mai labaran aljanu, da Lortzing da Nicolai da Flotow masu barkwanci, da Meyerbeer, Bayahude ɗan Berlin da ya mamaye Paris da Faransanci. Za mu wuce su da sauri.

Richard Wagner, haifaffen Leipzig a 1813, shi ne dutsen da ba a iya kewayewa. Ya yi suna a Dresden da Rienzi a 1842, Der fliegende Holländer a 1843 da Tannhäuser a 1845. Ya shiga boren da aka yi a Dresden a Mayun 1849, aka ba da sammacin kama shi, ya tsere Suwizalan, har abokinsa makaɗi Liszt ya nuna masa Lohengrin a Weimar a 1850 ba ya wurin. A gudun hijira ya zauna ya rushe tsarin da ya gada. Ya daina yanka wasa gunduwa-gunduwa, waƙa, tafi, magana, wata waƙa. Ya sa kiɗa ya riƙa gudana babu tsayawa daga farkon babi zuwa ƙarshensa, shi yake rubuta baitocinsa da kansa, kuma ya ba kowane mutum, kowane abu, har kowane tunani ɗan guntun sautinsa. Abin ya yi kama da take a wajen makaɗan fada, inda ganga kaɗai za ta gaya maka wane ne ya shigo tun ba a kira sunansa ba, sai dai shi Wagner yana lanƙwasa sautin, ya haɗa shi da wani, ya sauya masa launi gwargwadon halin da ake ciki. Ga misali daga Die Walküre. Sieglinde tana ba baƙonta labarin wani tsoho mai ido ɗaya da ya shigo ranar aurenta, ya soke takobi a gindin itace, ya tafi. Ba ta faɗi sunansa ba. Amma yayin da take magana, ƙahoni suna busa sautin Valhalla a hankali, fadar Wotan, sarkin alloli a tatsuniyar, sai mai sauraro ya gane tsohon nan Wotan ne, uban su biyun. Makaɗa sun faɗi abin da baki bai faɗa ba.

Wannan wasa ɗaya ne daga cikin huɗu da suka haɗu suka zama Der Ring des Nibelungen, tatsuniyar zoben da ke ba da mulkin duniya ga wanda ya yafe soyayya. Ya fara ta a 1848, ya gama a 1874, kuma tana cin kimanin awa 15 a dare huɗu. A tsakiya ya ajiye ta ya rubuta Tristan und Isolde, wadda Vienna ta yi wa gwaji sama da 70 ta haƙura, aka ce ba ta reruwa. Daga sautin farko kiɗan yake rataye kunne, yana nuna kamar zai sauka ya huta, ya ƙi, har sai a mintunan ƙarshe bayan kusan awa huɗu. Duk wanda ya tsara kiɗa a Turai bayan nan sai da ya yi fama da ita. Da bashi ya kusa kai shi ƙasa, sai Ludwig na Biyu ya hau gadon Bavaria a 1864 yana ɗan shekara 18, ya kira shi ya biya masa. Aka nuna Tristan a Munich a 1865, Die Meistersinger a 1868. Sannan Wagner ya gina gidan wasa nasa a ƙaramin garin Bayreuth, aka buɗe da Ring a 1876. Ya nutsar da makaɗa cikin rami ƙarƙashin dandamali, an rufe su ba a ganinsu, ya dushe fitilun zauren, ya jera kujeru kowa na fuskantar gaba. Parsifal ta zo a 1882, ya rasu a Venice a 1883.

Ba zan ba ka Wagner a wanke ba. A 1850 ya wallafa maƙalar cin zarafin Yahudawa a harkar kiɗa da sunan boge, ya sake fitar da ita da sunansa a 1869, alhali Meyerbeer da ya fi kai wa hari ya taimake shi a Paris lokacin yana fama da talauci. Surukarsa Winifred, wadda ta riƙe Bayreuth daga 1930, aminiyar Hitler ce, kuma ana nuna Meistersinger a tarukan 'yan Nazi a Nuremberg. Har yau ba a saba kaɗa shi a bainar jama'a a Isra'ila ba, kuma da jagoran makaɗa Daniel Barenboim ya gwada a Kudus a 2001 sai da aka yi ta cece-kuce. Jikokinsa Wieland da Wolfgang sun sake buɗe bikin wasannin Wagner na Bayreuth a 1951 da dandamali kusan fayau, don a raba wasannin da kayan kishin ƙasa da aka lulluɓe su da shi. A 1961 Wieland ya ɗauki Grace Bumbry, baƙar fata 'yar Amurka mai shekara 24, ta fito a Tannhäuser, ita ce baƙa ta farko da ta rera a wurin. Wasu sun yi ƙorafi tun kafin ta buɗe baki, daren farko kuwa aka yi ta tafa mata har kusan rabin awa.

Bayan Wagner kowa ya rasa inda zai sa ƙafa. Humperdinck ya ɗauki dabarunsa ya yi tatsuniyar yara, Hänsel und Gretel, a 1893, wadda har yanzu ake kai yara kallo lokacin Kirsimeti. Vienna kuma tana can tana nishaɗi da wasanni marasa nauyi irin Die Fledermaus ta Johann Strauss, ta 1874. Magajin gaske shi ne Richard Strauss, wanda ba dangin Johann ba ne. Salome, da aka nuna a Dresden a 1905, ta tayar da ƙura saboda labarin yarinyar da ta nemi a kawo mata kan Yohanna Mai Baftisma, wanda Musulmi suka sani da Annabi Yahaya. New York ta janye ta bayan dare ɗaya a 1907, shi kuwa da kuɗinta ya gina gidansa a Garmisch. Elektra ta 1909 ta fi ta zafi. Daga nan ya juya ya yi Der Rosenkavalier a 1911 tare da marubuci Hugo von Hofmannsthal, mai daɗin kunne, har aka riƙa tayar da jiragen ƙasa na musamman daga Berlin zuwa Dresden don masu kallo. Wasu suna ganin ja da baya ya yi. Ni ban yarda ba, domin ba a taɓa rubuta wa muryoyin mata abin da ya kai waƙar mutum uku ta ƙarshen wasan ba.

Wanda ya ci gaba ta hanyar zafin shi ne Alban Berg, almajirin Schoenberg. Wozzeck, da aka nuna a Berlin a Disamban 1925, labarin talakan soja ne da kaftin yake wulaƙantawa, likita yake gwaje-gwaje a jikinsa saboda 'yan kwabbai, har ya zauce ya kashe uwar ɗansa. Babu sarki, babu gwarzo, kiɗan kuma ya rabu da ma'aunin da kunne ya saba. Shekarun nan sun cika da gwaji: Korngold da Die tote Stadt a 1920 yana ɗan shekara 23, Krenek da Jonny spielt auf a 1927, wadda ta sa baƙin makaɗin jaz a tsakiyar labari, Kurt Weill da Bertolt Brecht da Die Dreigroschenoper a 1928. Zuwan Hitler a 1933 ya datse duk wannan. Schoenberg, Weill, Korngold, Krenek da Hindemith duk Amurka suka yi hijira. Richard Strauss ya karɓi shugabancin hukumar kiɗa ta gwamnati, aka tilasta masa sauka a 1935 bayan 'yan sandan ciki sun kama wasiƙarsa zuwa ga Stefan Zweig, marubucinsa Bayahude. Viktor Ullmann ya rubuta Der Kaiser von Atlantis a sansanin 'yan Nazi na Theresienstadt, aka kashe shi a Auschwitz a 1944, ba a nuna wasan ba sai 1975 a Amsterdam.

Bama-bamai sun rushe yawancin manyan gidajen, amma an sake gina su. Vienna ta buɗe nata da Fidelio a 1955, Dresden ta buɗe nata gidan, Semperoper, da Freischütz a 1985, shekara 40 cif bayan an ƙona ta. Sababbin ayyuka ba su tsaya ba: Henze, Zimmermann da Die Soldaten a 1965, Reimann da Lear a 1978, Stockhausen da Licht, wasanni bakwai, kowace ranar mako da nata. Rarrabuwar nan ta masarautu da ta hana harshen tashi da farko ita ce ta bar wa Jamus gidajen opera kusan 80 a yau, mafi yawa a duniya, jihohi da birane ke ɗaukar nauyinsu, Berlin kaɗai tana da uku. Shi ya sa matasan mawaƙa daga Koriya, Amurka da Afirka ta Kudu suke tururuwa can neman aiki.

Game da inda za ka fara, kada ka faɗa wa Ring kai tsaye. Tunda Jamusanci kake koyo, Zauberflöte da Freischütz za su fi yi maka amfani, domin akwai magana zalla tsakanin waƙoƙi, kuma kalmomin masu sauƙi ne. Ka nemi bidiyo mai fassara a ƙasa, ka karanta taƙaitaccen labarin tukuna. Daga nan babi na biyu na Fidelio, sannan babin farko na Walküre, wanda bai fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba, mutum uku ne kawai a ɗaki ɗaya. In ya shige ka, ka ci gaba zuwa Rosenkavalier da Wozzeck. Tristan kuwa ka bar ta sai ranar da ba ka da wani aiki a gabanka, don da hutun da ake yi tsakanin babi-babi takan haura awa biyar.